Fallen Ƙarshe na Baba Tsatsa

Matashin kansa ne. Mai Zarto ya gane shi tun daga bakin ƙofa, tun kafin su ƙarasa shigo da marar lafiyar: riga mai ratsin shuɗi, da ɗan ɗinkin da matarsa ta yi a kusurwar da ta taɓa yagewa. Ya neme shi ya rasa, aka ce masa an kai wanki. Ga shi nan a kan gadon maƙwabcinsa, an karkaɗe an jingine, yana jiran kan wani.

"Baba, ɗaga ɓangarenka mana, ƙafarsa na jan ƙasa," in ji Auta, 'yarsa.

Ya ɗaga. Baba Tsatsa ba shi da sauran nauyi. Asibiti ta tsotse shi ta sallamo shi gida, likita ya ce a kai shi inda zai fi jin daɗin kwanciya, kowa kuma ya san fassarar wannan magana. Suka shimfiɗe shi. Auta ta tallafi ƙeyarsa da tafi biyu, ta sauke ta a hankali kamar ƙwai.

"Sannu, maƙwabci," in ji Tsatsa, muryarsa kamar ana goga takarda. "Ashe hannun naka da sauran ƙarfi."

"Hannun da ke aiki ai ba ya lalacewa. Sai na waɗanda ruwa ke yi musu aiki."

Tsatsa ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Auta ta yi wa ubanta wani kallo ta gefen ido, ta miƙa wa marar lafiyar kofi. Ya kurɓa, ya shafa matashin da babban yatsansa, yatsan nan mai farin tabo a tsakiya.

"Kai, wannan akwai laushi. Ina kika samo shi, Auta?"

"A gida," ta ce, tana gyara masa bargo.



Bango ɗaya ne tsakanin gidajen biyu, kowanne da shagonsa a gaba. Mai Zarto gadon sana'arsa ya yi. In wani ɗan ƙarfe ya karye a cikin agogo ko sikeli ko keken ɗinki, aka rasa irinsa a kasuwa, shi ake kawo wa, ya zauna da siririn zarto da magagari ya fitar da wani. Yini guda, abu guda. Ana nan sai ga wannan mutum ya tare a gidan gefe da tankuna da fitilu, ya ce shi ba yanka ƙarfe yake yi ba, hoto yake ɗauka a kansa. Unguwa ta sha dariya. Amma haka abin yake. Zai wanke fallen ƙarfe mai kaurin takarda, ya manna masa wata shuɗiyar leda mai jin haske, ya ɗora fim mai zanen abin da ake so gaba da baya, ya haska. Inda haske ya taɓa, ledar ta taurare ta kare ƙarfen. Inda bai taɓa ba, ta wanke. Sai a fesa wani ruwa mai launin tsatsa, ruwan ya cinye duk inda aka bari tsirara. A falle guda sai ka ga ƙananan kaya jere kamar haƙoran mataji, babu wanda ya ɗara ɗan'uwansa da silin gashi. Ruwan nan ne ya rine masa farce da riguna, har yara suka laƙa masa sunan da ya cinye nasa na ainihi.

Masu kawo aiki suka fara wuce ƙofar Mai Zarto da ɗaga hannu kawai. Wannan bai hana shi barci ba, rabo ba ya wuce mai shi. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi shi ne Auta. Da, a ƙarƙashin bencinsa take yini, tana tara garin ƙarfe da maganaɗisu. Wata rana ya leƙa bai gan ta ba. A gidan Tsatsa ya same ta, an ɗora ta a kan kujera, ta zuba wa wani tire ido, ko waiwayowa ba ta yi ba da ya kira sunanta. Tsatsa ba shi da ɗa, matarsa ta daɗe da rasuwa. Tun daga ranar kalmar Baba ta zama ta mutum biyu.

Da ta shiga jami'a, ilimin sinadarai ta karanta. Hoton ranar gamawarta na nan a falo, ita a tsakiya, tsofaffin biyu dama da hagu. Mai Zarto ya sha tsayawa gabansa ya rufe ido ɗaya, kamar yadda yake auna miƙewar ƙarfe. Kafaɗarta ta karkata wajen Tsatsa. Matarsa ta ce mai hoton ne ya karkace.

Ya sami matarsa a tsakar gida tana ninke kaya.

"Ke, cewa aka yi an kai matashina wanki. Ashe mai wankin a gidan gefe yake?"

Ba ta ɗago ba. "Malam, mutum na fama da ransa, kai kana fama da auduga."

"Ba audugar ba ce. Tambaya ce ba a yi ba."

"Da an tambaye ka, hanawa za ka yi?"

"Da na bayar."

"To an hutar da kai."

"Ni da na yi zazzaɓi bara, matashin wa aka kawo mini?"

"Kai da ka ce kowa ya fita ya ba ka wuri?" Ta ɗora riga a kan riga. "Tsufa dai kowa da ƙofar da yake shigo masa. Wasu furfura, kai kishi."

"Kishi? Da wa? Da mutumin da ko ƙusa bai iya miƙarwa ba?"

Ta ci gaba da ninke kayanta.

Akwai aiki ɗaya da ya rage a hannun Tsatsa: ƙananan rariyoyi, kowacce kamar farcen yatsa, na wani mai gyaran injinan feshi. Auta za ta iya ita kaɗai, ta daɗe da iyawa. Amma wata safiya Tsatsa ya tashi da ɗan sauƙi, irin sauƙin da ke yaudarar masu jinya, ya kafe sai an kai shi ya gani. Ta leƙo shagon ubanta.

"Baba, ka zo ka kama mini shi. Ya ƙi jin magana."

"Sai da aka rasa mai dako aka tuna da ni?"

"Baba, don Allah."

Ya ajiye magagari ya bi ta.

Ɗakin aikin na bayan shagon ne. Ba taga, ƙofofinsa biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu, don farin haske ɓata ledar yake yi. Ƙwan fitilar rawaya ne, duk wanda ya shiga sai ya koma kamar mai ciwon shawara. Rabon Mai Zarto da ɗakin tun ranar da ya zo neman Auta tana yarinya. Duk da haka ya san dokokinsa kamar shi ya kafa su, don bangon ba shi da kauri. Shekara da shekaru yana zaune a bencinsa yana jin muryar Tsatsa: "Gefe, Auta, gefe! Fuskar ƙarfe ba ta son yatsa." Maiƙon yatsa, ko ido bai gan shi ba, hana leda kamawa yake yi, ruwan ya kutsa ta ƙarƙashi ya yi ɓarna. Ya kuma san wata magana, wadda ba ta bango yake jin ta ba, a kan tabarmarsa Auta ke faɗa masa ita, da abinci a gabansa: "Ai Baba Tsatsa bai taɓa ɓata falle ba."

Ya zaunar da marar lafiyar a kujera kusa da tebur, ya ja da baya ya jingina da bango, ya harɗe hannuwa.

Auta ta zura safar roba. Ta goge fallen, ta ɗauraye, ta sake gogewa. Ta ɗago shi ta gefe, ruwa na zuba.

"Juyo in gani," in ji Tsatsa. Ya ƙanƙance ido. "Madalla. Kin ga ruwan ya kwanta, bai tsage ko'ina ba? Da akwai maiƙo da ya guje masa. Maƙwabci, ka gani? Ƙarfe ma wanka yake so, ba duka ba."

"Na ga wanki dai. Ina jiran in ga aiki."

Auta ta busar da fallen, ta kwantar da shi a kan tebur, ta juya wajen kabad don ta yanko leda.

A nan ne Tsatsa ya yunƙura. Wataƙila wani abu ya hango a kan ƙarfen, wataƙila so yake kawai ya tsaya da ƙafarsa a ɗakinsa. Ya miƙe rabi, gwiwa ta ƙi. Hannunsa ya kai wa teburin cafka, babban yatsansa ya sauka a kusurwar fallen, ya danna. Ƙiftawar ido ne. Ya koma cikin kujerar, ido a rufe, yana haki. Bai san abin da ya taɓa ba.

Mai Zarto ya gani. A kan ƙarfen babu komai, sai ƙyalli.

Maganar ta zo masa har bakin haƙora. Ba wani abu ba ne, a sake wankewa kawai. Sai ya ji muryar Auta a kunnensa, bai taɓa ɓata falle ba, bai taɓa ba. Wani abu mai ɗumi ya motsa a ƙirjinsa. Ya haɗiye maganar. To, bari mu gani.

Auta ta juyo, ta ga gumi na tsattsafo wa tsohon. Ta yar da almakashi, ta fizge safar hannunta na dama, ta share masa goshi.

"Baba, mu koma ɗaki."

"Ci gaba. Wankakken ƙarfe ba ya jira, iska ma datti ce."

Ta ɗauki fallen da sauri ta tura shi cikin injin manna leda. Sai da ya fito ta ɗaya ɓangaren, shuɗi gaba da baya, sannan ta tuna da safar, ta mayar. Ta daidaita fim ɗin sama da na ƙasa har zanensu ya zama ɗaya, ta rufe murfi, ta kunna haske. Kafin ta kashe, kan Tsatsa ya langaɓe a kafaɗarsa. Ta zura fallen a baƙar jaka, ta tura cikin aljihun tebur. Mai Zarto ne ya goya shi zuwa gado.

Bai ƙara takawa ba.

Wata rana da la'asar Auta ta fita sayen magani, ta bar ubanta gadi. Ya zauna a kujera nesa da gadon, yana kallon silin. Ya ɗauka barci marar lafiyar yake yi.

"Ka ji haushin matashin, ko?" in ji Tsatsa.

"Wane matashi?"

"Warin man kanka ne a jiki. Tun ranar farko na gane. Shiru na yi in ga iya haƙurinka."

"Mugu. Ko ciwo bai shiryar da kai ba."

"Saura kaɗan a mayar maka da abinka."

"Rufe mana baki."

Tsatsa ya yi murmushi, ya huta, ya tattaro numfashi. "Ka san duk ɗan abin da muke fitarwa, sai mun bar masa ɗan siririn wuya da zai riƙe shi a jikin falle. In ba haka ba, faɗawa zai yi cikin tanki. In an gama sai a karya wuyan, a goge wurin da magagari. Ka taɓa ganin yarinyar nan tana gogewa?"

"Ina zan gani? Ana gayyata ta ne?"

"Ƙaramin yatsanta take tokarewa da tebur. Ta karkata kai, ta ɗan fito da harshe. Na yi, na yi ta riƙe irin riƙona, ta ƙi. Duk sa'ad da na waiga, kai nake gani zaune mini a ɗaki, ba sallama."

Daɗi ya ratsa Mai Zarto har tafin ƙafa. Bai kai ga zama ba sai wani abu ya bi bayansa ya kore shi: wato ko wannan ma shi ya gani, ni ban gani ba. 'Yata, riƙona, amma sai a bakin maƙwabci zan ji.

"Da ka bar ta a inda ka gan ta, da ba ka sha wahalar gyara ba," ya ce.

"Ni na kira ta? Da ƙafarta ta zo."

"Da ka koro ta."

"Kai za ka iya korar ta?"

Idon Mai Zarto ya sauka a kan hannun da ke kwance bisa bargo, a kan farin tabon nan. Shi ya san tarihinsa. Farkon tarewar Tsatsa ya zo aron zarto zai yanka katako, bai iya riƙewa ba, ya yanki yatsansa. Mai Zarto ne ya ɗaure masa da tsumma, kuma bai taɓa barin sa ya manta ba. Ya gyara murya.

"Maƙwabci, fallen nan da ke aljihun tebur..."

Tsatsa ya riga ya yi barci, baki a ɗan buɗe.

Da hantsi Tsatsa ya cika. Mai Zarto na shago yana gogar haƙorin wani makulli, ya ji Auta ta bango ta ce, "Baba!" Bai motsa ba. Ya saba da wannan kiran, in ya fito ta can ba nasa ba ne. Ya hure garin ƙarfe, ya ci gaba. Sai haske ya ragu a bakin shagon. Tana tsaye, ba takalmi.

"Baba, kai nake kira."

Magagarin ya faɗi ƙasa.

Aka yi abin da ake yi, aka kai shi makwancinsa. Mutane suka cika layin, har waɗanda suka yi masa dariya a da. Mai Zarto na tsaye a ƙofar gida kusa da Auta yana amsa gaisuwa, sai wata tsohuwa ta kama hannun yarinyar ta ce, "Sai haƙuri, 'yar nan, kin yi rashin uba." Auta ta gyaɗa kai. Shi kuwa yana nan a gefenta, da ransa da hularsa. Auta ba ta yi kuka ba, ko a ranar ko washegari. Ita ta share ɗakin, ita ta ninke rigunan nan masu ɗigon tsatsa.

"Ina matashin?" ya tambayi matarsa, a ƙasan maƙoshi, bayan mutane sun ragu.

"Auta ta kai ɗakinta. Ta ce kada a wanke."

Ya san ba don warin man kansa ba ne.

Mai injinan feshi ya zo ta'aziyya, ya yi ta murza hula, ya kasa tambaya. Auta ce ta ce masa ya dawo jibi. Da safe Mai Zarto ya ji ƙarar ƙofar farko, sannan ta biyu. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya ce wa matarsa murfin tankin nan da nauyi, yarinya ba za ta iya ita kaɗai ba.

"Ba kullum take ɗagawa ba?" in ji ta. Amma ya riga ya fita.

Auta ba ta tambaye shi me ya kawo shi ba. Ya koma wurinsa na rannan, jikin bango. Kujerar na nan inda aka bar ta. Ta zaro fallen daga baƙar jaka, ta tsoma shi a tire, ledar da haske bai taɓa ba ta narke, zanen rariyoyin ya fito. Ta rataya shi a cikin tanki, ta rufe, ta kunna famfo. Ta gilashin murfin ana ganin ruwan na dukan ƙarfen, yana gangarowa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Abin da Mai Zarto ya shuka ne ake shirin girbewa, amma wanda ya so ya ga fuskarsa ba ya nan.

Ta fitar, ta ɗauraye, ta wanke sauran shuɗin. Ƙarfen ya fito tas. Ta ɗaga shi wajen fitila, haske ya tsiyayo ta ramukan da ko bakin allura ya fi su girma. Ta ɗauki gilashin dubawa ta bi layi layi. Da ta kai kusurwa sai ta tsaya.

Wurin ya dushe kamar an hura masa numfashi. Rariyoyin da ke kusa sun cinye, ramukansu sun haɗe. A kan faffaɗan gefen fallen kuwa, inda babu zane, ruwan ya yi nasa zanen: layuka sirara, a lanƙwashe, suna zagaya juna.

"Yatsa ne," ta ce.



"Ni ce. Na cire safa na share masa gumi, na ɗauka da hannu." Muryarta ta fara rawa. "Tun ina tsayawa a kan kujera yake gaya mini. Gefe, Auta, gefe. Fallensa na ƙarshe, a gabansa, na..."

Kukan da ta riƙe tun ranar ya ɓalle. Ta dafa tebur, kafaɗunta na girgiza. Sannan ta ɗauki fallen ta nufi durom ɗin da ake zuba ɓatattun ƙarafa.

Mai Zarto ya bi hannunta da kallo. In ya yi shiru, shi ke nan. Fallen zai bi tarkace a narkar da shi, Tsatsa ya tafi bai bar komai ba sai rabin hoto a falo. In kuwa ya yi magana, ya san 'yarsa. Wadda ta hana a wanke matashi, me za ta yi da yatsan mutumin a kan ƙarfen da ba ya ruɓewa? Shi ma ya yi mata abubuwa da hannunsa, 'yan kunne, ɗan makullin akwati, wani ɗan tsuntsu na tagulla. Ko ɗaya bai san inda ta jefa ba. Kuskuren da ya yi ta jira, ashe kyauta ce zai miƙa wa abokin hamayyarsa. Kuma za ta tambaye shi yadda aka yi ya sani.

Ta ɗaga murfin durom ɗin.

"Kawo nan."

Ta waiwayo.

"Kawo, na ce. Da gilashin."

Ya kwantar da fallen a ƙarƙashin fitila, ya duba, ko da yake ya san abin da zai gani. Ya matsa mata.

"Kin ga wannan layin da ya ratsa tsakiya, miƙaƙƙe, ya yanke sauran? Miƙo yatsanki. Ke kina da shi?"

Ta dubi yatsanta. Ta dubi ƙarfen.

"Zartona ne ya yi shi," ya ce. "Kina goye lokacin."

Ta daɗe a sunkuye. Da ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Yaushe ya taɓa?"

"Da kika juya yanko leda. Ƙafarsa ce ta ƙi."

"Ka gani?"

"Na gani."

"Ba ka faɗa ba."

Ba tambaya ba ce. Ta ɗago ta dube shi, idonta jawur ko a cikin rawayar fitila. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa kuka. Ko ɗaya bai zo ba. Ta mayar da idonta kan ƙarfen, ta zauna a kujerar Tsatsa, kamar ita kaɗai ce a ɗakin. Wannan ya fi masa zafi.

Ya fita. Jim kaɗan ya dawo da siririn zartonsa da magagari.

"Ba ni. In kika bar shi haka, bakinsa zai yanke ki."

Ta saki fallen da ƙyar. Ya ɗaure kusurwar a bakin tebur, ya sa zarto. Rabon ɗakin da jin wannan ƙara, Allah kaɗai ya sani. Ya bi gefen shatin a hankali, ya bar masa fili, bai taɓa ko layi ɗaya ba, har ya fitar da shi a zagaye kamar kwabo. Ya tura mata sauran fallen, ya hau gogar bakin.

Can ya ji wata ƙarar a gefensa, siririya. Auta ta jawo fallen, tana karya wuyan rariyoyin da suka tsira ɗaya bayan ɗaya, tana goge wurin. Hawaye bai gama bushe mata ba, amma hannunta ba ya rawa. Ya saci kallonta. Ƙaramin yatsa a tokare da tebur. Kai a karkace. Bakin harshe ya ɗan leƙo.

Ya dubi nasa hannun. Ya mayar da harshensa cikin baki.

Suka yi ta guga. Da bakin ya yi santsi ya gwada shi a leɓensa, ya goge da gefen riga, ya riƙe ta gefe ya ajiye a gabanta.

Ta ajiye aikinta. Ta ɗauka, ta ɗora shi a tafin hannu, ta sa babban yatsanta a kan shatin, shatin ya fi nata girma. Mai Zarto ya tsaya. Zagayen ya fita ba tangarɗa, rabonsa da yin aiki mai kyan wannan ya manta. Ba shi take kallo ba. Tsakiyar take kallo. Sau ɗaya dai, kamar ba da saninta ba, yatsanta ya zame ya zagaya bakin ƙarfen, ya komo tsakiya.

Ya jira ko za ta ɗago. Ba ta ɗago ba.

Ya ɗauki zartonsa. Magagarin kuwa ya bar shi a kan tebur, kusa da nata. Ya buɗe ƙofar ciki ya fita, ya ja ta a hankali har ya ji ta kama, ya tsaya a ɗan duhun da ke tsakani, sannan ya buɗe ta waje.